Uwar Sauro Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai na safe za ka same ta a duƙe bakin kwata, ludayi a hannu, tana ɗebo 'ya'yan sauro tana zubawa a kwalba. Daga nan sai ɗakin gwaji na sashen lafiya, inda take renonsu cikin kejin raga, ta gwada musu maganin feshi. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki. 'Yan unguwa suka laƙaba mata Uwar Sauro. Mijinta ma yakan ce, "Ni da yara mun san matsayinmu, sauro ne 'yan gaban goshi."

Ita ta fara lura cewa sauro ya canza hali. Da a ruwa mai tsabta yake ƙwai, yanzu har cikin ƙazamin ruwa da tsohuwar taya. Aka raba gidan sauro, sai ya koma cizo tun da yamma a tsakar gida. Maganin kuwa, a fesa masa, ya faɗi, ya karkaɗe fiffike ya tashi. Waɗanda suka tsira su ke hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin rai.

Shugaban sashe bai so jin haka ba, don an riga an cika sito da maganin. Ya miƙa mata rahoto.

"Malama, sa hannu kawai. Magani yana aiki."

"Ranka ya daɗe, sauro bai karanta rahotonka ba. Ba zan sa ba."

Ranar taron ma'aikatan sashen ta shigo da kejinta na sauro, ta fesa musu maganin a gaban kowa, ta zauna. Bayan awa guda, fiye da rabi na nan suna shawagi. Sakayyarta, aka mayar da ita gadin sito wata takwas. Ko rana ɗaya ba ta fasa zuwa bakin kwata ba. Sai da zazzaɓi ya cika ɗakin yara a asibiti, daga unguwannin da aka fesa, sannan aka nemi littafin gwajinta, aka canza magani. Har yau ba wanda ya ba ta haƙuri.

Ke ce mai taurin kai a kan gaskiya, Malama. Akwai yaran da ke guje-guje a filin makaranta yau, ba su san ki ba, amma iyayensu ba su binne su ba saboda ke. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma da kuka gaji kujerarta, ranar da aka miƙo muku takardar ƙarya, ku mayar da alƙalami aljihu.