Doña Eduviges, Wadda Ta Hana Bashin Gwamnati Shiga Dami

Shekara ashirin da shida Doña Eduviges Barragán ta yi tana kama bas ɗin ƙarfe shida na safe zuwa tsakiyar birnin Monterrey, da ƙullin tamal biyu, wato alalar masara, a jaka. Kamfaninsu bashin sayen mota yake bayarwa, sannan ya ɗaure basussukan dami-dami ya sayar wa masu zuba jari, galibi asusun fanshon ma'aikata. Aikinta shi ne ta tsince kowane dami kafin a sayar. Yarjejeniyarsu da masu zuba jarin ta faɗa ƙarara kada bashin da gwamnati ta ci ya shiga, kuma da dalili. Duk shekara uku sabon magajin gari zai hau ya ce ba shi ya ci ba, to wa zai je ya ƙwace motar 'yan sanda?

Abokan aikinta kan yi mata tsiya, wai ko takardar aurenta aka miƙa mata sai ta nemo kuskure. Ita ko a jikinta. Wata rana aka kawo mata bashin motoci tamanin da sunan wani kamfanin haya, sai ta lura adireshinsa ɗaya ne da na sakatariyar wani gari. Ta bi diddigi, ashe na hukumar garin ne, riga kawai aka sauya masa. Ta cire su duka.

Manaja, Licenciado Treviño, ya kira ta ya fara da lallashi, ya tuna mata saura shekara biyu ta yi ritaya da cikakken fansho.

"Haba Doña, a takarda ai ba gwamnati ba ce. Sa hannu kawai mu wuce."

"Licenciado, takarda ba ta biyan bashi. Ga biro, sa naka."

Bai sa ba, don ya san abin da ke ciki. Bashin ya zauna a wuyan kamfani. Bayan zaɓe kuwa sabon magajin gari ya ƙi biyan ko peso ɗaya.

Kai ka ce za a gode mata. Ina! Waɗanda ke wurin sun ji Treviño yana ce mata, babu ko kunya, da ta sa hannu da asarar a kan 'yan fansho ta faɗa, ba a kansu ba. Wata bai cika ba aka sallame ta, wai ana rage ma'aikata.

Ke ce garkuwar mutanen da ba su taɓa jin sunanki ba, Doña Eduviges. Dubban tsofaffi suna karɓar haƙƙinsu cif, naki kuwa guntu ne, kuma abin yana ci min rai har yau. Mun gode miki. Masu sa hannu a ofisoshi, ku yi koyi da ita, amma ba zan ruɗe ku ba, abin da tsada.

Kwanan baya na tambaye ta ko tana nadama. Ta ce kowane ƙarshen wata tana yi, amma ko yau aka sake kawo mata motocin nan sai ta cire su.