Akurugu, Mujiya Mai Tari

Wani dare na farkon damina aka ji mujiya tana kuka a kan ɗorawar bayan gidan Atampoka. Ta yi kuka sau biyu, sai ta sarƙe da tari, ta tofar da yawu. Da aka haska, Akurugu ne, ƙanin marigayi mijinta, zaune a kan reshe.

Wanda ya san shi ba zai yi mamaki ba. Kullum da sassafe yakan bi tukwanen da ya kife a bakin suri, cike da kashin shanu da kara, ya kwaso gara. Amma zabo ba ya ɗanɗana ta sai rana ta yi ja, kuma a cikin akurki kawai. Ƙwan zabuwa kuwa kaza yake sa wa, don 'ya'yan su tashi a hannun uwa mai kwana a ɗaki. Yakan ce zabo baƙo ne daga daji, bai taɓa yin alkawarin zama da kowa ba.

Zabin Atampoka kuwa sun riga sun saba da kwana a reshe, muzuru da masu dogon hannu suna ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ga shi ƙwansu take kaiwa kasuwar Bolga ta auno gero kafin sabon hatsi ya nuna. In sun ƙare, tukunyarta ta kife. Shi ya sa Akurugu yake riga su hawa, ya yi musu kukan abin da suka fi tsoro, su sauko su bi gara.

"Ƙaramin miji," in ji Atampoka a daren nan, "sauko kar ka karye, ba ni da ƙarfin jinyar tsuntsu."

"Ke dai ajiye mini ƙwaryar fito, giyar dawar nan. Mujiya ma tana jin ƙishi."

Kafin wata ya mutu, zabin suna shiga akurki da ƙafarsu. Daga nan duk gidan da zabi suka gagara sai a aika masa, ladansa ƙwai ne a hula.

Akurugu, kai ne ka sha ruwan sama da cizon sauro don tuwon Atampoka ya sauka. Kai ne aka yi wa dariya a wurin shan fito, masu dariyar kuma suka kai zabin gaisuwa gidan surukai daga akurkin da ka gyara. Mun gode, mai raba zabo da reshe. Samari, ku je ku koya tun bakinsa na iya kukan.

Bana gwiwa ta hana shi hawa. Jiya da yamma ana zaune a ƙofar gidan Atampoka, matasan zabinta suka wuce akurki suna leƙen ɗorawa. Ta dubi mazan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya.

"To, wa zai hau?"