Dutse na Huɗu a Hannun Kawu

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, ƙanwata ta kira ni ina wurin aiki ta ce Kawu ya cika. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, ka yi shekara hamsin kana gini, ka tafi ban faɗa maka wata magana da na riƙe a cikina shekara shida ba. Ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya san ka ya san ba ka yarda da abu sai ka taɓa shi. Bulo sai ka ƙwanƙwasa ka ji ƙararsa. Likita ya rubuta maka magani sai ka tambaye shi ko shi ya taɓa sha. Muna yi maka dariya, amma ban taɓa jin katangar da ka ɗora ta faɗi ba. Kuma in ka ga bangon wani ya tsage, ko ba a kira ka ba, washegari za a gan ka da cokalin gini da kwanon siminti. Haka ka yi wa mahaifiyata shekarar da babanmu ya rasu. Ta fito ta tarar ka gama ɗaure bangon ɗakinta, ko ruwa ba ka tsaya sha ba.

Lokacin da nake aiki a ƙasar waje na aiko maka da tikiti, na ce ka zo ka huta. Na kai ka kufan wani tsohon birni da baƙi ke tururuwar gani. Mai yi mana jagora ya ce ginin ya haura shekara dubu biyu, ka ce in tambaye shi wa ya ƙirga. Kana tafe kana sosa jikin ginshiƙai da farce, kana hararar mutumin kamar mai sayar maka da ruɓaɓɓen katako. A wani wuri ka nuna min siminti ka ce wannan ko shekara ashirin bai yi ba. Sai da muka isa wata 'yar gajeriyar ƙofa can baya ka tsaya, ka shafa dutsen samanta, ka ce wanda ya ɗora wannan ya san aiki. Na ɗauki hoton ƙofar, na bi ayari na bar ka.

Usur ɗin mai gadi ne ya dawo da ni. Na tarar ya riƙe wuyan hannunka, a tafinka akwai dutse kamar ƙwan kaza, aljihunka duk ƙasa. Ko'ina a wurin an kafa alluna masu hana ɗaukar ko tsakuwa. Kawu, ban tambaye ka komai ba. Na tuna guntayen duwatsun da kake jerawa a tagar ɗakinka, zuciyata ta yanke cewa sata ka yi. Ni ne tafinta, kai ba ka jin yarensu, sai na ce musu su yi haƙuri, tsoho ne, hankalinsa ya fara gushewa, na ɗora yatsa a gefen kaina. Suka karɓe dutsen suka sake ka.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar da za ka koma gida na faki idonka na zazzage jakarka. Ban ga komai ba, sai na ce ai ka iya ɓoyo ne. Na gaya wa matata, na gaya wa mahaifiyata. Duk zuwan da na yi gida bayan haka, in na shiga gaishe ka idona na kan tagar nan.

A wurin zaman gaisuwa, tsohon abokinka kafinta ya ja ni gefe. Ya ce ka taɓa ba shi labarin ƙofar. Dutsen samanta ya fara zamewa, ka ga mata da yara suna sunkuyawa ta ƙarƙashinsa, shi ne ka tsinci duwatsu huɗu a ƙasa don ka tokare shi. Ka cusa uku, na huɗun aka riƙe hannunka.

“Kawunka ya ce bai ji abin da ka gaya musu ba,” in ji kafinta, “amma ya ga yatsanka. Ya ce kar in tayar maka da maganar, tsoro ne ya sa ka, kuma ai ka fitar da shi.”

Jininka ne ni, ban yarda nan take ba. Na tono hotunan ranar a wayata. A na farko, ƙarƙashin dutsen akwai rami baƙi. A wanda na ɗauka muna fita, da na buɗa shi sosai, ga duwatsu uku a jere, sun zauna daram, irin zaman da hannunka kaɗai ke ba dutse. Shekara shida shaidarka tana aljihuna ban duba ba. Na yi kuka, kuma kunyar ba ta sake ni ba har yau.

Na je na durƙusa gaban mahaifiyata na janye abin da na faɗa, na kuma gaya wa matata. Kai ne kawai ban samu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, matarka, da 'ya'yanka da jikokinka, da mahaifiyata da ta rasa wa, da kafinta da ya rasa abokin hira. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa bangon da ka ɗaure wa marasa ƙarfi ya zame maka inuwa ranar gobe, Ya yafe min zaton da na yi maka.

Kafinta ya ce har a kan gadon jinya kana tambaya ko ƙofar nan tana tsaye, don da duwatsu uku ka bar ta.