Rabin Maganar Baba

Shekara biyu na yi ina yawo da rikoda a ƙauyukan Kuje, ina durƙusa wa iyayen wasu, alhali ga nawa uban a gida kan darduma, ba mai tambayarsa komai sai ko ya sha magani.

Bincike nake yi a jami'a. Hukuma na son ta zuba gonaki cikin kwamfuta, kowace gona da taswirarta a waya. Ni kuma tambayata ita ce, iyakar da mutane suka sani da bishiya da dutse da bakin shaida, ina za ta shiga a wannan taswira? Na yi ta faɗar haka a taro, da Turanci mai nauyi, ana tafa mini.

Baba jinya ta kawo shi Abuja. A garinmu, idan biyu suka yi rigimar iyaka, shi ake aika wa. Ya ɗauki sandarsa ya taka gonar, ya ce nan ne, magana ta mutu. Na san da haka sarai. Amma kwamitin da ya ba ni izinin bincike ya kafa sharuɗɗa: ban da dangi, ban da wanda ba ɗan yankin ba, kuma duk muryar da na ɗauka zan goge ta idan na gama rubutawa. Na sa hannu ina ji da kaina. Na ce Baba ai nawa ne, idan na gama da na mutane sai in zauna da shi a tsanake.

Wata Talata muka fito daga asibiti a Gwagwalada, rana ta yi, ga shi na yi alkawari da wani dattijo Bagwari a bayan Kuje. Mayar da Baba gida zai cinye mini yinin, sai na tafi da shi. Aka ba shi benci a gindin mangwaro, ya jingina sandarsa, suka gaisa da dattijon kamar sun san juna tun da can.

Na kunna rikoda. Na tambayi dattijon, idan bishiyar da ke kan iyaka ta mutu, yaya suke yi? Ya fara bayani da Hausarsa ta kasuwa. Sai na ji Baba ya gyara murya.

"A wajenmu kuwa," in ji shi, "idan bishiyar iyaka ta mutu, ba a dasa wata sai an fara..."

"Baba, don Allah. Ana ɗauka."

"Au, to. Yi haƙuri, uwata."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini haka. Ya naɗe hannuwansa. A mota ma ban tambaye shi ba, ina ta amsa wayar ofis har muka isa gida. Kafin damina ta sauka Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan wata huɗu ina zaune a ofis, abin ji a kunne, ina mayar da hirarraki rubutu, sai muryarsa ta faɗo mini ba shiri. Ga gyaran muryar nan tasa, ga kukan kaji a baya. Sannan ga tawa, tsaf-tsaf, muryar malamar jami'a mai hana ubanta magana. Wallahi da ina iya shiga cikin na'urar da na mari matar nan.

Na bincike wayoyin gidanmu kaf. Hotuna ne birjik, murya babu. Baba bai taɓa yarda ya aika saƙon murya ba, cewa yake mutum ba ya magana da wanda ba ya amsawa. Na kira ƙanensa can garinmu na tambaye shi me ake fara yi kafin a dasa bishiyar. Ya ce, "Ai shi ake kira, mu muna gona."

Sai ga takarda daga kwamiti, wai lokacin gogewa ya yi. Na goge na kowa, na bar ɗaya, mai muryar Baba a ciki. Kwana uku ina kallonta. Ba kwamitin nake tsoro ba, su waye za su leƙa kwamfutata? Dattijon nan ne na yi wa alkawari baki da baki cewa muryarsa ba za ta zauna a hannuna ba, ni kuma ɗiyar mutumin da ake yarda da bakinsa ce.

Na koma Kuje. Na same shi yana ɓarar gyaɗa, na faɗa masa komai, na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mini ta'aziyya.

"Madam, ka bar shi," in ji shi. "Ni na yarda. Muryana ya zauna da na abokina."

Na yi godiya. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni da gaske, ko ya san abin da Baba zai ce.

Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa, ya ce, "Ni na Kuje na sani. Shi ya ce a wajensu. Kai ba 'yarsa ba ne?"

Binciken ya fito, an yaba. Akwai babi guda a kan bishiyar iyaka, da bayanin ƙauyuka da yawa, babu na garinmu. Ina kewar Baba, kewa mai hana cin abinci wani lokaci. Idan ta taso sai in rufe ƙofar ofis in kunna. Yanzu na ƙware, na san daidai inda zan danna in tsayar kafin muryata ta shigo. In zauna shiru in ba shi duk lokacin da yake so, ko zai ƙarasa.