Kanwar Kawu da Lagireton Motata

Shekarun baya, da na sayi motata ta farko, na ɗauka babbar jarrabawar da ke gabana ita ce koyon ribas. Ashe kawuna ne.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina cikin zanen goyo bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Tsohon direba ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar auduga da masara daga ƙauyukanmu zuwa Funtua, a wata gingimari da har yau yake ba da labarinta kamar matarsa ta fari. A garinmu Tsiga in mota ta yi tari, shi ake nema. Da girma ya zo masa da hawan jini, aka ce ya riƙa zuwa asibiti a Malumfashi duk wata, kuma rabin dalilin da ya sa na daure na sayi motar ke nan. Na gaji da ganin ana cusa shi a bayan bas tsakanin buhuna.

Motar 'yar ƙarama ce, ta hannu. Ranar da na kai ta wurin bakanikena a Funtua, na tsare shi da tambayoyi kamar yadda nake tsare ɗalibaina a aji. Ya ce injin da lagireton duk alminiyam ne, kada in kuskura in zuba musu ruwan rijiya. Akwai ruwan da ake sayarwa a galan, suna ce masa kulan. Bayan sanyaya inji, yana ɗauke da maganin da ke hana ƙarfen ciwuwa ta ciki. Ruwan rijiya kuwa yana barin farin gishirin nan da muke gani a gindin butar shayi, ya toshe 'yan hanyoyin lagireto. Ya gaya mini irin wanda ya dace da motar, ya ce kada in gauraya shi da wani. Da na je saye, mai shagon ya ce, "Hajiya, ja da kore duk ɗaya ne, kala ce kawai." Na ce masa lalle da shuni ma duk kala ne, amma ba a rina riga da lalle. Ya ɗauko mini wanda na zo nema.

Ranar da na fara kai motar gida, tun daga kan kwana na hango Kawu a ƙofar gida da abokan hirarsa, ga bokiti a gabansu. Aka yi addu'a, aka shafa. Ya zagaya motar, ya daddanna tayoyi, sannan ya ce in buɗe masa gaba.

"Uwata, mota ta hannu ba a yarda da cikinta. Tun jiya na jiƙa kanwa, ungurnu ce mai kyau. Za mu zubar da wannan jan ruwan, mu ɗura mata ta tafasa da shi, duk dattin ya fito. Sai mu cika ta da ruwan rijiyar masallaci. Haka na yi wa tawa har muka rabu, ba ta taɓa yi mini zafi ba."

Ban san abin da kanwa za ta yi ba a lokacin, amma na san abin da aka ce kada in yi, kuma ga shi cike da bokiti. Na fara da dabara, na ce injin da zafi. Ya ce za mu jira. Na ce ina jin na manta yadda ake buɗe gaban. Ni da na kwana ina gwadawa! Ya miƙa hannu zai buɗe da kansa, sai bakina ya riga hankalina.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba za a zuba ba. Wannan ba irin taka ba ce."

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..." bai ma ƙarasa ba. Kawu ya janye hannunsa, ya goge a jikin riga.

"To, Malama. Ai motarki ce."

Malama. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na shiga gida na yi kukana a ɗakin mahaifiyata, amma ko a cikin kukan ban ji zan fita in ce a zuba ba. Ina da taurin kai, na sani, kuma a wurinsa na gado shi.

Ranar asibiti ta zo, na yi sammako daga Funtua, na tarar ya riga ya hau bas. Wata na gaba ma haka. In na gaishe shi zai amsa da kyau, har ya tambayi aiki, amma Malama ce. Mutum yana jigila da hawan jini a cikin zafin bazara, ga mota na saya dominsa tana zaune. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mahaifiyata ta ce, "Ke ma da neman magana. Ki bar shi ya zuba mana, in ya so ki je Funtua a zubar." Na ce in na yi haka na yaudare shi, kuma gobe wata motar zai ɗura wa. Haƙuri na ba shi ya fi a ƙirga, amma ban ce na yi kuskure a kan kanwar ba, don ban yi ba.

Wata Asabar ina gida, mahaifiyata ta fito da tsohuwar tukunyarta ta dafa wake, ta ce a kai wa Kawu ya tafi da ita kasuwa wurin masu liƙi, ta sake hujewa. Shi yake kai mata kullum. Na karɓa ina juya ta. Cikinta ya yi baƙi, ya yi tsaga-tsaga kamar fuskar da agana ta ci, ga tabon liƙi nan da can. Na ce me ke cinye ta haka? Ta ce, "Kanwa mana. A ciki nake jiƙawa, a ciki nake dafawa."

Na ce ba sai an aiki kowa ba, ni zan kai.

Na same shi shi kaɗai a zaure yana jin rediyo. Na durƙusa na miƙa masa. Ya ɗaga tukunyar sama, haske ya ɓullo ta 'yan hujojin.

"Wannan tukunya ta ishe ni. Kullum liƙi, kullum liƙi."

"Inna ta ce wai kanwa ce."

"Ba wai ba ne. Na sha gaya mata ta samu ta ƙasa. Shi alminiyam ai ba ya shiri da kan..."

Ya tsaya. Ni dai idona na kan tabarma. Na ji ya rage muryar rediyon.

"Lagireton naki fa?"

"Irinta ne, Kawu. Bai ma kai ta kauri ba."

"Ba tagulla ba ne?"

"Naka ne tagulla. Injinka kuma baƙin ƙarfe."

Ya daɗe yana kallon tukunyar. Can ya ce, "Ikon Allah. Yanzu da tukunya ake ƙera mota." Ya tambaye ni ruwan rijiya kuma me ya yi, na ba shi labarin butar shayi. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ya ce in gaida mutanen Funtua.

Kafin ranar asibiti ta sake zagayowa damina ta sauka. Na zo ba tare da na sa rai ba, sai ga shi zaune a kan dakali da babbar riga, ga wani farin galan a gefensa. Ya miƙo mini.

"Uwata, sa wannan a but. Ruwan sama ne. A tsakar gida na kafa roba, bai taɓa kwanon rufi ba, bai taɓa ƙasa ba, na kuma tace shi. Ko da Allah zai kawo tsautsayi a hanya, kada ki roƙi na rijiya."

Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya ja bel. Har muka kai Malumfashi yana yi mini faɗan ina taka burki da yawa, ni kuwa ina ta murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

In na tuna abin yanzu, ina ganin da na bari an watse kafin in yi magana, da ya fi. Amma a'a ɗin kanta ban taɓa nadamarta ba. Kawu bai yi ƙarya ba, ilminsa na gaskiya ne, motar ce ta sauya a ƙarƙashinsa ba wanda ya gaya masa. Dattijo irinsa ba ya son a koya masa a gaban mutane, amma in ka ajiye masa abu a hannu ka yi shiru, zai gani da kansa, har ya fi ka gani.

Motar ta yi mini shekaru ba ta taɓa tafasa ba, na sayar da ita lafiya. Ta yanzu ma kulan nake zuba mata, haɗaɗɗe, ba ya buƙatar ƙari. Ban taɓa gaya wa Kawu haka ba, kuma duk wanda ya gaya masa ni da shi ne. Idanunsa sun yi rauni, ya daina fita kasuwa, amma duk damina sai ya sa an kafa masa roba a tsakar gida. Bana ma galan ɗina ya iso, da saƙon a kai wa uwarsa.