Motar da Ta Kusa Raba Ni da Bakanikena

Shekarun baya kaɗan, lokacin da kuɗin mai ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, na yi wani abu da har yanzu in na tuna sai na sosa ƙeya. Na je sayen mota ban tafi da bakanikena ba.

Wanda bai taɓa sayen mota ta hannu ba zai ce to mene ne a ciki. Ai a garin nan ba a yin haka. In za ka wurin dillalai, bakanikenka ne a gaba, kai kana biye. Shi zai buɗe bonet, ya dafa sukundireba a jikin inji ya kara kunne, ya ja tsaki ko da bai ji komai ba, don dillali ya san ba marar gata ya samu ba. Nawa bakaniken mutumin Kudu ne, Kirista, ya fi shekara talatin a Bauchi. Shekara goma sha tara yana fama da tsohuwar motata, wadda, in faɗi gaskiya, ta fi sanin garejinsa fiye da gidana na unguwar Ɗan Iya. Kusan duk Asabar ina can a kan benci a inuwar darbejiya, shi yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani, muna musun ƙwallo da siyasa. Da mahaifina ya rasu, rufe garejin ya yi kwana uku ya zauna tare da mu ana karɓar gaisuwa. Ina kiransa Oga, shi kuma yana kirana Malam, ko da yake ban taɓa koyar da kowa komai ba.

Wani abokina na ofis ne ya hure min kunne. Ya ce an kawo wata motar lantarki ta hannu, ba ta shan mai, ba ta son baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. "Ga sola a gidanka," in ji shi, "rana ce za ta riƙa kai ka aiki." Sai na yi wani dogon tunani irin na masu ilimi: tunda abin batir ne, me bakanike zai gani a ciki? Na ɗauki mutumin da ya haɗa min sola muka tafi. Ya jona wani ɗan abu a ƙasan sitiyari, ya daɗe yana latsa wayarsa, ya ce batir da sauran ransa. Na biya. Tsohuwar kuma na sayar wa wani maƙwabcin abokina a ranar, ban ko waiwaye ta ba.

Kwana uku ta yi a hannun sabon mai ita ta mace masa a hanya. Ya tambayi inda ta saba zuwa, aka tura ta garejin Oga. Ta haka Oga ya ji labari, daga bakin baƙo.

Ita kuwa sabuwar, ba zan ci amanarta ba, ta yi min halacci. Tana da halayenta dai. Allonta zai ce maka saura tafiyar kilomita ɗari biyu, ka je Tirwun nan kusa ka dawo ka ga ta canza magana. Ba ta da sauti ko kaɗan, don haka awakin unguwarmu ba su taɓa yarda cewa mota ce ba, sai na leƙo ta taga na kore su da baki. Akwai kuma muryar wata mata a ciki da ke min magana da Sinanci duk safiya, ni kuma don ladabi nakan amsa mata da lafiya lau. Amma lalacewa, ko sau ɗaya. Wata uku cur ko ƙusa ba ta taka ba.

A nan matsalar ta fito. Asabar ta zo, babu inda zan je. Na koma zaman gida ina bin kowa da ido, ina tambayar dalilin da ya sa ake zuba manja da yawa a miya, ina gyara rediyon da lafiyarsa ƙalau. A Asabar ta biyar matata ta ajiye ludayi ta ce, "Don girman Allah ka fita ka duba motar nan da kyau, ba za a rasa abin da ya lalace ba."

Gaskiyar magana kewar Oga nake yi. Amma na san na yi masa laifi, kuma a shekara goma sha tara ban taɓa shiga garejin nan ba sai da matsalar mota a gabana. In je haka kawai in ce me? Sai na yi dabara. Na samu gwangwanin madara na zuba tsakuwa uku a ciki, na cusa can ƙarƙashin kujerar baya, na nufi gareji tana ƙwaram-ƙwaram.

Oga ya fito yana goge hannu da tsumma. Muka gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a layin banki. Na ce wata ƙara nake ji. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallon ciki, ya rufe. Sannan ya buɗe ƙofar baya, ya miƙa hannu sau ɗaya tak ya zaro gwangwanin, ya girgiza shi a gaban kowa.

"Ga ciwon," in ji shi. "Malam, motarka ba shi da inji. Ni kuma inji na sani. Gobe in ya yi ƙara, kai shi wurin mai gyaran waya."

Bai ce in zauna ba. A kan bencin ma akwai wani mutum zaune, wanda ya sayi tsohuwar motata, ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa. Na karɓi gwangwanina na tafi. Na yi dariya a hanya don kada in yi wani abu daban, amma abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Bayan wata biyu aka sa ɗaurin auren ƙanwar matata a gidan surukina da ke Ƙofar Ran, ranar Asabar da hantsi. Wanda ya san lungunan wurin ya san mai hankali a bakin titi yake ajiye mota ya taka. Ni kuwa ina so dangin matata su ga motar da rana ke tuƙawa, sai na kutsa har ƙofar gida, da dattawa biyu da na ɗauko a ciki. Matar cikin motar ta yi ta magana tun daga gida, ranar har da wata 'yar ƙararrawa, na ce yau kuma surutu take ji. Na kashe na fita na buɗe wa dattawa ƙofa. Da na dawo zan matsar da ita, na danna maɓalli, shiru. Allo baƙi ƙirin. Ga caji na cika mata tun jiya.

Kafin minti goma lungu ya toshe. A bayana akwai keke napep ɗauke da kulolin shinkafar biki, bayansa motocin dangin ango, bayansu wasu kekuna uku suna ta hon. Matasa suka ce a tura. A ranar na gano cewa irin wannan motar in ta ɗauke wuta ba ta fita daga giyar ajiya. Mutum goma sha biyu, har da masu babbar riga sun naɗe hannu, suka yi ta nishi, ko motsi ba ta yi ba. Na kira mai sola. Ya ce daga jin bayanin, ko dai babban batir ne ko ƙwaƙwalwar motar, kuma mai duba wannan sai an kira shi daga Kano, wataƙila sati mai zuwa.

Surukina ya fito da sandarsa, ya dubi motar, ya dube ni. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ita ce wadda aka ce ba ta lalacewa?" Na ce ita ce, Baba. Ya ce, "Masha Allah," ya koma ciki.

Sai ga saƙon matata a waya daga cikin gida, kalma biyu: Kira Oga.

Na koma gefen kwata na kira. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka.

"Wane ne?"

"Haba Oga. Ni ne."

"Oho, Malam. Gwangwani ne kuma?"

Na haɗiye. Na gaya masa komai, har da shinkafa. Ya tambaye ni abu ɗaya kawai, ko fitilar cikin mota tana kamawa. Na ce babu abin da ke kamawa. Ya kashe wayar ba sallama, na tsaya ban san ko zai zo ba.

Bai fi minti ashirin ba sai ga shi yana ratsa taron a ƙafa, da kayan aikinsa masu maiƙo, rungume da batirin mota irin wanda kowa ya sani, sifana ɗaya a aljihu. Ya buɗe bonet, ya nuna min wani ƙaramin batir a lungu, kan batirin duk ya yi farin gari. Ashe babban batirin da nake ta alfahari da shi ba ya farkawa sai wannan ƙaramin ya tashe shi. Ya kwance shi, ya ɗaura nasa, ya ce in danna. Allo ya kawo, matar ta gaishe ni, lungu ya ɗauki tafi da kabbara.

Na matso kusa da shi na ce, "Oga, ya aka yi ka sani tun kafin ka gani?"

"Ranar da ka zo da gwangwani na gan shi. Na san ba zai kai wata uku ba."

"To me ya sa ba ka gaya min ba?"

Ya ɗago ya dube ni sosai. "Ka tambaye ni?"

Don in kauce, sai na ce ina ya samo batir daidai nata da sauri haka. Ya ci gaba da goge sifanarsa, ya ce, "Yana ƙarƙashin benci tun wancan satin. Duk Litinin ina sa shi a caji."

Jama'a, a gaban dangin matata da dangin ango idona ya cika. Wata biyu mutumin nan yana fushi da ni, kuma wata biyu yana yi wa batirina caji. Na kama hannunsa da maiƙon da komai na ce ya yafe min, na yi wauta. Ya zare hannun ya ce, "Matsar da motarka, Malam, shinkafa yana hucewa."

Motar tana nan har yau, tafiyarta ta ɗan ragu, ƙaryar allonta ta ɗan ƙaru, amma ba ta sake kunyata ni ba. Masu tambayata ko su sayi irinta nakan ce su saya in suna da wurin caji, su duba babban batir, kada kuma su manta da ƙaramin. Abin da ban cika faɗa ba shi ne wanda ya fi damuna: shekara goma sha tara ina zaton lalacewar mota ce ke kai ni wurin mutumin nan, sai da na samu wadda ba ta lalacewa na gane ba haka ba ne.

Ranar dai ban bar shi ya tafi ba. Na ja shi har tabarmar dattawa aka sa masa faranti. Surukina ya tambaye ni wane ne wannan bawan Allah. Na buɗe baki zan ce bakanikena ne, sai na ji kalmar ta yi kaɗan, na ce, "Ɗan'uwana ne, Baba."

Oga bai ko ɗago daga farantin ba. Ya ce, "Ɗan'uwan da ba a kai shi sayen mota ba."

Dattawa suka yi ta dariya har da masu tari. Har yau in muna musu ya ga zan kayar da shi, da wannan maganar yake rufe min baki, don gaskiyarsa ce.