Rabin Juyi a Kafiretar Baba

Babur ɗin Baba ya girmi aurena, ya girmi shagona na Titin Koudoukou. Jan fentinsa ya koɗe, kujerarsa ta sha ɗinki, amma ba bakaniken da ya taɓa sa masa hannu. Baba ne likitansa. Da kunne yake gyaran kafireta: ya bar injin ya yi zafi, ya durƙusa, ya riƙa juya ɗan sukurun iska yeke yeke, kamar yadda muke cewa da Sango, yaren garin nan, wato a hankali, har sai ƙarar ta daidaita. Ya sha faɗa a gabanmu cewa ranar da babur ɗin ya gagare shi, ranar zai jingine shi ya zauna a gida. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Kowace safiya da shi yake zuwa unguwar Miskine, wajen wani tsohon maƙwabcinmu na lokacin da muke zaune a can, su sha kofi su zagi gwamnati. Wannan fitar ita kaɗai ta rage masa. Na san idan ya rasa ta, tabarma ce za ta cinye shi.

A wata damina babur ɗin ya fara rigima. Da safe, bayan ruwan dare ya sanyaya gari, sai ya tashi da ƙyar, in an murɗa masa totur ya shaƙe, ya yi tari, ya mutu. In rana ta ɗaga kuma lafiya lau. Baba ya ɗora laifin kan man kwalba da ake sayarwa a bakin titi. Ya kwance kafireta, ya wanke ta, ya hure ƙananan ramukanta. Washegari jiya i yau.

Ni na gano matsalar, kuma ban ji daɗin ganowa ba. Na tsaya a bayansa wata rana yana gyara, na ga yana ta buɗe sukurun iska, injin yana kuka yana neman mai, shi kuwa yana gyaɗa kai. Ba ya jin ƙarar. Kunnensa ya yi nauyi, duk gidan mun sani, muna ɗaga murya ne kawai mu yi kamar ba komai. Iska ta yi wa injin yawa, shi ya sa sanyi ke kayar da shi.

Wa zai gaya wa Baba? Ni dai ban iya ba. Sai na shiga sata. In ya tafi sallar asuba, na riga shi dawowa, na mayar da sukurun ciki rabin juyi. Babur ya tashi bugu ɗaya. Da yamma Baba ya sake buɗewa, da safe na sake rufewa. Mun yi kusan wata biyu muna wannan wasan, yana yabon hannunsa, ni ina cewa haka ne.

Gaggawa ce ta tona ni, kuma halina ne, ba na musu. Injin sanyi ba a gyara shi, tun ina ƙarami na san wannan. Amma ni a sanyin nake juyawa, ba ni da lokacin jira, har na zarce na rufe fiye da kima. Mai ya yi yawa. Wata Asabar babur ya mutu masa a hanya, ya turo shi har gida yana haki. Da na gan shi a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf da gumi, kunya ta kama ni har ƙafata.

Ya zauna, ya kwance fulogi, wanda a nan muke kira buji, ya ɗaga shi a rana. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Kunne ne ya tafi, idonsa yana nan garau.

"Ni ban taɓa ba shi mai haka ba," in ji shi. "Hannun wa ke shiga nan?"

"Nawa ne, Baba."

"Don me?"

Na faɗa masa cewa kunnensa ya daina jin ƙarar injin. Sai da na maimaita da ƙarfi, wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Ya daɗe yana goge fulogin da tsumma. "Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

"Kuka bar ni ina yabon kaina."

Na tsaya ina jiran ya ce a shigar da babur ɗin ɗaki. Sai ya mayar da fulogi, ya taka da kansa, ya bar injin ya yi zafi sosai. Sannan ya miƙo mini sukudireba, ya ɗora tafin hannunsa a kan tanki.

"Juya. Kai ka ji da kunne, ni zan ji da hannu. Ban da gaggawa."

Na rufe sukurun duka, na fara buɗewa. Juyi ɗaya. Ɗaya da rabi. Ƙarar ta kwanta sumul, daidai lokacin ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni. Tare muka ji ta.

Washegari an kwana ana ruwa. Ya ja cok na tayar da inji a sanyi, ya taka sau ɗaya, babur ya amsa. Ya zauna a kai yana jira ya ɗumama, hannunsa a kan tanki, bai dube ni ba.

"Ranar Juma'a ka zo da wuri," ya ce. "Ka zo mini da kunnen."

Ya saki kuloci ya nufi Miskine.